Sallamar da Na Yi a Bakin Tafkin Tsofaffi

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da saba'in ina aikin muzawwir a Madina, wato mai shiga gaban alhazai yana kai su wuraren ziyara, yana karanta addu'a suna maimaitawa. Abin da zan ba ku, wallahi tallahi a kaina ya faru, ba a bakin wani na tsinto shi ba. Na tsufa yanzu, haƙoran gabana ma sun yi mini sallama, ban ga abin da ƙarya za ta ƙara mini ba.

A Madina aka haife ni, kakana ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi hajji ya ƙi komawa. Maigidana Balarabe ne, alhazansa kuwa duk mutanen Jawa ne, haka muke kiran duk wanda ya fito daga tsibiran Indunisiya ko da bai taɓa taka Jawa ɗin ba. Tun ina saurayi nake cikinsu har yarensu ya zauna a bakina daram, suna kirana Sheh, ni da ko izu goma ban haɗa ba, ni kuma ba na hana su, don daɗinsa nake ji. Aikin ba wuya gare shi ba, amma yana da ƙa'ida. Ka faɗi guntun addu'a, ka tsaya su maimaita, kada ka ja dogo don tsoho zai ɓace maka a tsakiya. Kada ka yanke addu'a ba ka kai amin ba, ko da rana tana dafa ka. In cunkoso ya yi yawa, ka ɗora hannun mafi tsufa a kafaɗarka, ka ɗaga baƙar laimarka sama, ka ci gaba da karatu, muryarka ita ce igiyar da ke jan su. Shekara goma sha wani abu ina wannan tsakanin Baƙi'a da Uhudu da Ƙuba, har ya zama ko kaburburan wani ƙauye na hango daga cikin mota, bakina ya riga ni yin sallama.

Akwai wani ɗalibi a jami'ar Musulunci, Yusuf, mutumin wani tsibiri da ake kira Flores, yakan zo ya taya mu aiki lokacin hajji, muka shaƙu ƙwarai. Wata shekara mahaifiyarsa, Ibu Maimuna, ta zo hajji, shi ne muharraminta. Mahaifinsa bai zo ba, don halin mutum ɗaya suke da shi, ya ce ita ta fara zuwa. Ta sauke faralinta lafiya, suka iso Madina, zazzaɓi ya kama ta, kwana uku Allah Ya karɓi abarsa. Aka yi mata salla a Harami bayan azahar, ni da Yusuf muna cikin masu ɗaukar makara, aka rufe ta a makabartar Baƙi'a. Kowa sai barka yake yi wa Yusuf a cikin ta'aziyya, don dai kun san kwanciya a Baƙi'a gata ne da ba kowa ke samu ba.

Bayan shekara ɗaya maigidana zai je Jawa gaishe da malaman da ke turo masa alhazai, ya ce da ni za a je in yi masa tafinta. Da Yusuf ya ji, sai ga shi a gidanmu da wasiƙa a hannu, idonsa ja. Inna, mahaifiyata, tana daga bayan labule tana dama mana kunu, duk abin da yake faɗa da Larabci tana ji.

Ya ce mahaifinsa, Bapak Saleh, wato Baba Saleh a yarensu, asalinsa mutumin kan dutse ne, da ƙuruciya ya musulunta. Danginsa na can sun yi imani cewa duk wanda ya mutu a cikinsu, ko a ina ya mutu, ransa komawa yake wasu tafkuna uku da ke kan wani dutse mai suna Kelimutu: ɗaya na matasa, ɗaya na mugaye, ɗaya na tsofaffi. Yayar tsohon ta yi ta gaya masa matarsa tana tafkin tsofaffi tana jiran sa, baƙin ciki kuma ya buɗe masa kunne. Duk mako sai ya hau dutsen ya zauna a bakin ramin, kuma 'yan'uwa sun rubuto cewa duk zuwa sai ya ƙara gangarawa ƙasa kaɗan, ya daina cin abincin kirki, suna tsoron wata rana a hau a tarar da takalmansa kawai.

“Ni ya ce karatu ya cika mini kai,” in ji Yusuf. “Amma kai ɗan Madina ne, ya Sheh, da hannunka ka zuba mata ƙasa. In ka gaya masa baki da baki, wataƙila ya ji.”

Ban amsa ba sai Inna ta amsa daga bayan labule. “Tayyib, zai je,” ta ce wa Yusuf, sannan ta dawo kaina. “Kai kuma ka ji. Amana ce, ya waladi, ɗana, matar nan a hannunka ta cika. Amma ruwa a kan dutse, la haula, wannan kuma wane irin gari ne? Ka je ka faɗi abin da ka gani, khalas, shi ke nan, ka dawo. Bakin nan naka mai sauri ka riƙe shi.”

Muka tafi. Da muka gama gaishe-gaishe a Jawa, maigidana ya ba ni kwanaki, ni da Yusuf, wanda ya biyo mu don hutun ƙarshen shekara, muka shiga jirgin ruwa. Jama'a, ɗan Madina da teku ba su da haɗi. Kwana nawa muka yi ban sani ba, abin da na sani duk abin da na ci tun ina goye sai da na amayar da shi. Muka sauka a wani gari, Ende, yashin bakin tekunsa baƙi ƙirin, muka hau wata babbar mota mai bencin katako, ga kaji, ga buhunan shinkafa, ga wani alade a ɗaure yana kallona ina kallon sa har muka isa. Hanya sai kwana-kwana take tana hawa, kore ko'ina, ruwa yana gangarowa daga duwatsu ba mai tare shi, na ce kai, mutanen nan ba su san arzikin da suke takawa ba. A ƙauyen su Yusuf kuwa, da aka gan ni, baƙin mutum dogo da farar jallabiya da laima, sai da mata suka bar daka suka fito kallo.

Bapak Saleh ɗan ƙaramin tsoho ne, ya rame har zoben hannunsa ya ɗaure shi da zare don kada ya faɗi. Ya karɓe ni da mutunci, ya sumbaci hannuna don daga Madina nake, kunya ta kama ni. Na zauna na gaya masa komai dalla-dalla, yadda ta yi jinya, yadda ta cika da kalmar shahada, yawan jama'ar da suka sallace ta, ƙofar da aka shiga da ita. Ina ji a raina na yi bayani mai kyau, don ni da bakina nake cin abinci. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira ni da Tuan, wato ranka ya daɗe a yarensu, ya ce, “Tuan Sheh, an rubuta sunanta a kan kabarin?”

Na ce a'a, Bapak, a Baƙi'a ba a rubuta suna.

“An dasa mata itace?”

Na ce a'a, dutse ɗaya ake ajiyewa wajen kai, irin na kowa.

Ya ce, “Maimuna ko kasuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Kun ajiye ta a inda ba suna, ba itace, ba wanda ke jin yarenta, kuma kana so in yarda ta zauna? Ta dawo gida. Gobe ka zo mu je ka gani.”

Yusuf ya fara jawo ayoyi da hadisai, tsohon ya ɗaga hannu ɗaya ya tsayar da shi. Na ce zan je, don na ga in ban bi shi ba shi kaɗai zai tafi.

Bayan sallar asuba muka kama hanya mu uku, tsohon a gaba da ɗan ƙunshin ganyen da suke taunawa kamar yadda namu ke cin goro, wai na matarsa ne. Ni kuwa ina ta yi wa Yusuf cika baki, ina ce masa dutse mai aman wuta ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk Madina baƙaƙen duwatsunsa ne suka kewaye ta, kuma na sha zuwa Khaibar sayen dabino na ga ramukansa a hanya. Tsohon da ba ya cin abinci yana hawa kamar akuya, ni mai ƙarfi ina haki a baya ina dogara laima. Da hantsi warin farar wuta ya fara dukan hancinmu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, itatuwa suka ƙare, muka fito fili.

Na leƙa, cika bakina ya ƙare nan take. Rami ne mai faɗin da za a zuba unguwa guda a ciki, bangonsa a tsaye, can ƙasa ruwa kwance. Na farko kore ne shar mai hasken shuɗi, kaurinsa kamar an dama fenti, ba ka ganin komai a cikinsa. Kusa da shi, siririn bangon dutse kawai ya raba su, na biyu ja ne mai duhu kamar zoɓon da ya kwana. Babu tsuntsu, babu kifi, ko iska ba ta kaɗa shi. Yusuf ya ce launin canzawa yake, wanda yake kore yau wata shekara sai ka same shi fari ko baƙi, ba wanda ya san lokacin. Na yi tasbihi da gaske, irin wanda ke fitowa ba ka shirya ba, na ji daɗin zuwana ƙwarai.

Na ukun yana gefe shi kaɗai, sai da muka ƙara tafiya. Shi ne tafkin tsofaffi, a ranar baƙi ne wuluk. Tsohon bai tsaya inda mutane ke tsayawa ba, ya bi wata siririyar hanya da ƙafarsa ta yi, ya gangara. Ina ganin wuraren zamansa na baya, dutse bayan dutse, kowanne da busasshen ganye a kai, kowanne ƙasa da na bayansa. Na ƙarshen bai fi taku huɗu da inda ƙasa ta ƙare ba, ƙasar wurin kuma tsakuwa ce mai zamewa. Ya ajiye ganyen, ya juyo ya kalle ni a sama, ya buɗe hannu ya nuna ruwan.

Ya ce, “Tuan Sheh, ga namu nan. Ubana, uwata, kakannina, duk suna nan.”

To a nan ne na yi abin da na yi. Wallahi ban yi niyya ba, ban yi tunani ba. An nuna mini wuri an ce ga matattu, ga mutane tsaye kusa da ni, jikina kawai ya ɗauka a bakin aiki nake. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya yadda nake yi a ƙofar Baƙi'a, na ce, “Assalamu alaikum ahlad diyar,” na tsaya, irin tsayawar da nake yi don alhazai su maimaita.

Aka maimaita.

Na san za ku ce amsa-kuwwa ce, ni ma haka na ce wa kaina. Amma amsa-kuwwa muryarka take dawo maka da ita, kuma ba ta jira ka gama. Waɗannan sai da suka bari na kai ƙarshe, suka ɗan yi jim, sannan suka ɗauka tare. Murya ce ta jama'a mai yawa, maza da mata, duk tsofaffi, wasu a gaba wasu suna biyo baya, suna tuntuɓe a kan kalmomin kamar waɗanda yau suka fara ji. Na shekara goma sha wani abu ina jin irin wannan amsawar, ba za a ruɗe ni a kanta ba. Daga ƙasa take tasowa, daga kan baƙin ruwan nan da ko motsi bai yi ba. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Yusuf ya damƙi hannun rigata. “Uskut, ya Sheh! Billahi alaik, yi shiru!”

Na yi shiru. Shirun nan da na yi shi ya kusa kashe tsohon. Yana jin muryoyin sun ɗauke sai ya miƙe, ya karkata kai gefe ɗaya kamar mai neman inda sauti ya shige, ya yi taku ɗaya gaba, ya yi na biyu. Tsakuwa ta zame a ƙarƙashin ƙafarsa, muka ji tana gangarawa, ba mu ji faɗawarta ba. Yusuf ya ƙwala masa kira, ko waiwaye bai yi ba. Ga farin gajimare ya fara malalowa ta bakin ramin, yana cin duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Tsoro ne ya buɗe mini baki, na faɗi guntu na biyu na addu'ar. Suka maimaita. Tsohon ya tsaya cak yana saurare. A nan na gane yadda abin yake: in ina karatu yana tsaye, in na yi shiru zai bi su. Na ce wa Yusuf ya tsaya inda yake, ya yi ta buga duwatsu biyu don in san inda sama take in gajimare ya rufe. Na tuɓe takalmana, na riƙe laima, na fara gangarawa ina karatu.

Jama'a, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba, wannan kam zan faɗa ko za a ce na yabi kaina. Guntu-guntu nake yanka addu'ar, kalma uku, kalma huɗu, yadda nake yi wa tsofaffin da suka fi kowa rauni, ina taku ɗaya a kan kowane guntu, su kuma suna amsawa. Sallamar kaburbura gajeriya ce, kafin in isa wurinsa ta ƙare, sai na ɗora da istigfari, na ɗora da salati, na ɗora da duk addu'ar da na sani ta neman rahama. Ban san su waye ba, ban san me suka mutu a kai ba, in ma matattun ne, na bar wa Allah wannan. Na isa gefensa, yatsun ƙafata suna tono cikin tsakuwa, ban yarda na kalli ƙasa ba. Ban fizge shi ba, don mai fizgar tsoho a cunkoso tare suke faɗuwa. Na ɗauki hannunsa a hankali na ɗora a kafaɗata, na juya masa baya, na ɗaga laimata sama kamar muna fita daga Harami ranar Juma'a, na faɗi guntu na gaba.

Sai na ji murya ɗaya a bayan kunnena tana maimaitawa tare da su. Tsohon ne. Hannunsa ya kama kafaɗata, na yi taku, ya yi taku.

Gajimare ya rufe mu ruf, ko laimar da ke hannuna da ƙyar nake gani, sai ƙarar duwatsun Yusuf nake bi. Abin da ban so ba shi ne muryoyin ba su zauna a ƙasa ba. Da muka yi rabin hawan sai na ji su kusa, dama da hagu da baya, yadda alhazai ke matsowa kusa da muzawwir don kada wata kalma ta wuce su. Babu abin da ya taɓa ni, ban ga kowa ba, amma na san yadda jama'a take in ta kewaye mutum. Muryata ta so ta karye, na dake, na ce a raina yau ko aljanun tsibirin nan kaf ne suka fito, sai na kai alhajina sama. Sau biyu ƙafar tsohon ta zame, sau biyu ya rataya a kafaɗata, ban yanke karatu ba. Na lura kuma ya daina maimaitawa, numfashinsa ma riƙe shi yake, yana juya kai wannan gefe da wancan, yana sauraron su ɗaya bayan ɗaya.

Hannun Yusuf ya fito daga cikin gajimare ya cafke ubansa. Muka ja shi har kan tudun da ƙasarsa ke da ƙarfi. Ni kuwa na juya na fuskanci ramin, don ba a barin addu'a a buɗe, na kawo ta ƙarshe yadda ake kawowa, na shafa. Amin ɗin da aka amsa, wallahi sai da na ji shi a ƙirjina. Daga nan tsit. Can sai murya ɗaya, ta wani tsoho, ta yi wata 'yar gajeriyar magana da yaren dutse wanda ba na ji. Shi ke nan, ba a ƙara cewa komai ba.

Na juyo na ga Bapak Saleh zaune a ƙasa yana dariya, hawaye yana bin fuskarsa. Na ce shi ke nan, hankalinsa ya tafi. Sai ya kama ƙafata ya ce, “Ba ta ciki! Tuan Sheh, ba ta ciki! Na ji ubana, na ji gwaggona, na ji mutanen da na manta da su. Shekara arba'in Maimuna tana amsa mini amin a bayana, ko cikin dubu zan gane ta. Ba ta nan. Tana can inda ka ce.”

Ya share fuska, ya dubi ɗansa ya ce yunwa yake ji. Yusuf ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ni kuwa na yi kabbara har sau uku, ƙafafuna duk jini ban ma sani ba. Muka sauko, tsohon ya ci shinkafa kwano biyu a gaban yayarsa, ya gaya mata da bakinsa cewa ya gama hawan dutse. Aka yanka akuya, masu salla da masu zuwa coci duk suka taru aka ci, aka zaunar da ni a tsakiya ana ta Tuan Sheh, Tuan Sheh, a ranar kam na ji na ci sunan. Na tambayi Yusuf abin da muryar ƙarshen nan ta ce, ya ce shi bai ji komai ba sai amsa-kuwwa, amma bai iya kallon idona ba da yake faɗa.

Na dawo Madina na ba Inna labari, ta yi mini faɗan saurin baki sannan ta sa mini albarka. Na tambayi wani malami ɗan Najeriya da ke koyarwa a jami'a, ya ce matattu suna barzahu, ba sa zama a tafki, wataƙila aljanu ne suka kwaikwayi murya. Na ce to Malam, in aljanu ne masu son halaka shi, me ya hana su kwaikwayi muryar matar, ita kaɗai da zai bi? Ya ce Allahu a'alam, ni ma a nan na tsaya.

Bayan shekara biyu sai ga Bapak Saleh a cikin alhazanmu, ya yi ƙiba har zoben ya zauna ba zare. Ni na shiga da shi Baƙi'a bayan la'asar, hannunsa a kafaɗata, na kai shi sashen da muka rufe ta, na ce tsakanin nan da can take. Ya dubi duwatsun nan marasa suna, ya dubi koriyar ƙubbar Harami da ke hango mu, ya ce ai ta yi maƙwabta, ya yi mata addu'a ya fito da fara'a. Muka zauna a wani shagon shayi kusa da Harami, na ga dama ta samu, na ce Bapak, don Allah me tsohon nan ya ce a ƙarshe?

Ya ajiye kofinsa, ya ce ya ɗauka Yusuf ya gaya mini. Ya ce muryar ubansa ce, kuma ba da shi yake magana ba, da sauran yake yi. Cewa ya yi: “Jagoran ya zo. Ku shirya, in ya dawo da mu zai tafi.”

Shayin nan ban ƙarasa shi ba. Tsohon ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, a kan shimfiɗarsa ya cika, jikokinsa kewaye da shi. Yusuf ya zama babban malami a garinsu, ya aiko mini da gayyata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har da cewa an yi hanyar mota zuwa kan dutsen, ba sai na wahala ba. Kullum ina ba shi uzuri. Ina alfahari da abin da na yi a ranar, na shiga da alhaji ɗaya na fito da shi, amma har yau in na tuna akwai waɗanda suka shirya suna jira na, barci yakan yi mini wuya.

Shawarata gare ku, in Allah Ya kai ku irin wuraren nan ku je ku ga ikonSa, abin kallo ne wallahi, ku yi tasbihi a zuci, ku tsaya inda mutanen gari suka ce a tsaya. Amma in an nuna muku wuri an ce ga mutanenmu nan, ku riƙe bakinku. Kada ku yi sallama a inda ba ku shirya jin amsa ba.